Maganin tsutsar ciki da ya koma maganin mashaya

A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran Arewa, an daɗe da yanke wa giya hukunci. Bayan haramcin addini, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana kai barasar Turawa yankunan da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya sa Arewa a ciki. A 2000 gwamnatin Saminu Turaki ta ƙaddamar da Shari'a a Jigawa. Sai dai doka kwalba take kamawa. Mutumin da giyar ta riga ta ci, wanda hannunsa ke karkarwa da asuba in bai kurɓa ba, nasa lamarin na likita ne, su kuma likitocin sun sha wahala kafin su sami abin ba shi.

Maganin farko tsintuwa ne. A 1937 wani likitan masana'antar roba a Amurka, E. E. Williams, ya lura ma'aikatan da ke taɓa wani sinadari ba sa iya shan giya. Ba wanda ya kula. A shekarun 1940 Erik Jacobsen da Jens Hald na kamfanin Medicinalco a Denmark suna gwada disulfiram, ɗan'uwan wancan sinadari, wanda ke kashe ƙazuwa, ko zai kashe tsutsar ciki. Suka fara gwadawa a jikinsu, kamar yadda masu bincike na lokacin kan yi. Da suka ɗan sha giya, fuska ta yi ja, zuciya ta hau bugu, ga tashin zuciya. Dalili kuwa, hanta kan mayar da barasa wata guba, sannan ta narkar da gubar. Maganin yana tare mataki na biyun, gubar ta taru. A 1948 suka wallafa, aka sa masa suna Antabuse, Amurka ta amince da shi a 1951. Da fari an riƙa zabga shi da yawa, har ana ba majinyaci giya a asibiti don ya ɗanɗana kuɗarsa. Wasu sun mutu.

Sai a 1986 aka yi masa gwajin ƙwarai. Richard Fuller da abokan aikinsa suka bi tsofaffin sojojin Amurka 605 tsawon shekara: wasu aka ba su maganin, wasu ɗan ƙurarsa, wasu bitamin kawai. Wajen daina sha gaba ɗaya ba a ga wani bambanci ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya riƙa haɗiye ƙwayar yadda aka ce, waɗannan kuwa su suka fi dainawa, ko me aka ba su. Wanda ya ƙudurta sha gobe, yau zai ajiye magani.

Naltrexone ya bi ta wata hanya, yana dakushe daɗin da ƙwaƙwalwa ke ji. A gwajin Joseph Volpicelli na 1992, cikin maza 70, kashi 23 cikin ɗari na masu shan sa suka koma gidan jiya a makonni 12, a rukunin da aka ba ƙwayar bogi kuwa kashi 54. Aka amince da shi a 1994. Wani maganin kuma, acamprosate, ya fito daga Faransa a 1989.

Binciken da aka yi daga baya ya nuna disulfiram ya fi aiki idan wani ne ke miƙa wa majinyaci ƙwayar yana kallo, matarsa ko ma'aikacin jinya. A nan gizo ke saƙar. Mashayin Gwaram a ɓoye yake sha, kuma matar da za ta miƙa maganin ita ce ta farko da yake ɓoye wa. In asiri ya tonu, dangi kan fara tunanin ɗauri kafin asibiti. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ga wanda ya daɗe yana sha, yanke masa giya farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, abin da a gida za a ce iska ce, kuma yana kisa. Ana tare wannan da diazepam da bitamin B1 a gaban likita, magunguna masu araha da ba su fi ƙarfin babban asibiti irin na tarayya da ke Birnin Kudu ba. Jinyar watannin da ke biye kuwa ta likitocin ƙwaƙwalwa ce, irin na Kazaure, Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna.