Wakilin talla mai cin la'ada: yadda ake ɗaukarsa da abin da doka ta tanada

Masu ƙananan sana'o'i da yawa, daga mai haɗa sabulu a Maradi zuwa mai saida fitilu masu aiki da hasken rana a Tawa, suna da kaya amma ba su da halin biyan albashin wanda zai zaga da su. Mafitar da aka fi bi ita ce ɗaukar wakilin talla mai zaman kansa, wanda ba ya da albashi, sai dai la'ada ko kamasho a kan abin da ya sayar. Ana ganin kamar tsarin ba ya cin ko dala, tunda in ba a sayar ba ba a biya. Amma kaya da sunan mai su suna hannun wani, kuma doka ta ba wannan wakili haƙƙoƙin da masu kaya da dama ba su san da su ba sai ranar rabuwa.

Wane ne wakilin talla?

La'ada tsohuwar aba ce a kasuwannin ƙasar Hausa. Dillalin dabbobi ko na hatsi yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya karɓi nasa, kowa ya kama gabansa. Wakilin talla ya bambanta da shi: yana aiki da sunan mai kaya na tsawon lokaci, yana nemo masu saye, yana komawa wurinsu, wani lokaci har da karɓo kuɗi.

Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta a 1993. Dokarta ta harkokin kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome a watan Disamba na 2010, ta raba masu shiga tsakani gida uku. Akwai wanda ke saye ko sayarwa da sunan kansa amma a madadin wani, shi ne commissionnaire a Faransanci. Akwai dillali, wato courtier, mai haɗa mutane biyu kawai. Sai agent commercial, wanda aka ɗora wa nemo ciniki a kai a kai da sunan mai kaya, ba tare da yarjejeniyar ƙwadago a tsakaninsu ba. Na ukun shi ne wakilin da ake magana a kansa a nan. Doka tana ɗaukarsa a matsayin ɗan kasuwa mai zaman kansa, don haka ya kamata ya yi rajista a kundin ƴan kasuwa na RCCM. A Yamai, Maison de l'Entreprise ce ke karɓar takardun rajista da na lambar haraji ta NIF.

Wakili ne ko ma'aikaci?

Nan ne masu kaya suka fi faɗawa rami. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ranar 25 ga Satumba 2012 tana kallon ma'aikaci a matsayin wanda ke aiki ƙarƙashin umarni da ikon wani ana biyansa. Sunan da aka rubuta a takarda ba shi ne abin dubawa ba, yadda aikin ke gudana shi ne. Idan kai ke tsara masa lokacin zuwa da na tashi, yana wuni a shagonka yana share-share da ɗaukar kaya, sai ya nemi izininka kafin ya yi tafiya, to ma'aikacinka ne ko da kamasho kake biyansa. Ranar da kuka ɓata, sufeton ƙwadago ko alƙali na iya neman ka cika masa mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma sefa 42,000 a wata tun farkon 2024, ka kuma biya kuɗin asusun CNSS da ba ka zuba ba.

Wakili na gaskiya shi ke tsara ranarsa. Kana iya gaya masa farashi, da yankin da zai zaga, da abin da ba ka yarda a faɗa a kan kayanka ba, amma yadda zai bi da lokacinsa nasa ne. Yana da damar riƙe kayan wasu, sai in kun rubuta akasin haka. Abin da doka ta hana shi shi ne ɗaukar kayan abokin hamayyarka ba tare da amincewarka a rubuce ba.

Lissafi kafin neman mutum

La'ada daga cikin riba take fita, don haka kada a yanke ta da ka. Ga misali. Katon ɗin sabulu ya tasar maka sefa 9,600 har da kuɗin mota, kana sayar da shi 12,000. Ribarka 2,400 ce. Idan ka ba wakili kashi 5 cikin 100 na farashin, ya ɗauki 600, ya rage maka 1,800. Idan ya rage wa mai saye 500 don ciniki ya faɗa, ribarka ta sauka zuwa 1,325, shi kuwa 25 kaɗai ya rasa. Shi ya sa dole a rubuta farashin da ba a sauka ƙasa da shi sai da izininka. Idan kuma katon ɗaya ya tafi bashi bai dawo ba bayan ka riga ka biya la'adarsa, ka yi asarar 10,200, sai an sayar da katon shida kafin a cike gurbin.

A juya lissafin ta ɓangaren wakili. In ya sayar da katon 60 a wata, ya samu 36,000, kuma a ciki zai sayi man moto da katin waya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wakilin da la'adarsa ba ta ciyar da shi, ko dai ya gudu cikin wata biyu, ko ya fara taɓa kuɗin kaya. Idan lissafi ya nuna haka, a ƙara kason, ko a faɗaɗa masa yanki, ko a nemi wanda tuni yake zaga shaguna da wasu kayan da ba su yi karo da naka ba, naka ya zama ƙari a kan hanyarsa.

Hanyoyin biya uku ne aka fi sani: kaso a kan farashi, adadi tsayayye a kan kowane katon ko buhu, da kaso mai hawa, misali 5 cikin 100 har zuwa katon 50, sannan 7 a kan abin da ya haura. Na biyun ya fi sauƙin lissafi ga wanda bai yi nisa a karatu ba. Akwai kuma masu cewa "kawo mini kaza, abin da ya hau naka ne". Wannan yana da sauƙi, amma yana sa kaya ɗaya ya yi farashi uku a unguwa ɗaya, kuma sunanka ne zai ɓaci.

Ina ake samunsu?

Mafi kyawun wakili yawanci yana kusa. Mai shagon da ya daɗe yana sayen kayanka, ko ƙaninsa da ya san ƴan unguwa, ya fi baƙon da ya zo da daɗin baki. Ranakun cin kasuwa, Litinin da Juma'a a Maradi, Alhamis a kasuwar Dole ta Damagaram, Lahadi a Tawa, ranaku ne na ganin wanda ya iya talla da idonka. Ga kayan da mata ke saye a cikin gida, kamar turare, sabulu, atamfa da kayan yaji, mace ce ke shiga inda namiji ba ya shiga. Ƙungiyoyin adashe irin na Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maradi a 1991, cike suke da matan da suka saba riƙe kuɗin jama'a da lissafinsu. Ga kayan da ke buƙatar bayani, kamar na'urorin hasken rana ko injin ban ruwa, matasan da suka gama makarantun koyon sana'a sun fi dacewa. Ana iya ba da sanarwa a gidan rediyon gari, a zaurukan WhatsApp, ko a ofishin hukumar samar da aiki ta ANPE.

Sanarwar ta faɗi gaskiya tun farko: irin kayan, yankin, cewa babu albashi sai la'ada, da nawa ce. Kada a nemi kuɗin cike takarda daga masu neman aikin. Ƴan damfara sun ɓata wannan hanya, kuma mutumin kirki yana ganin haka zai juya. Yara ƙanana kuma ba wakilai ba ne, makaranta ce wurinsu.

Tantancewa da gwaji

Ka zauna da mai neman aikin, ka miƙa masa kayan, ka ce ya tallata maka kamar kai ne mai saye. Ka tambaye shi sunayen shaguna goma da zai fara da su gobe. Wanda ya san yankinsa ba zai yi jinkiri ba. Ka ba shi ɗan lissafi: katon bakwai, an biya rabi, saura nawa? Ka ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa, ka san gidansu, ka nemi wanda zai tsaya masa, kuma ka je ka gana da mutumin da kanka don ya san nauyin da ya ɗauka.

Sai gwaji na wata ɗaya ko biyu, da kaya kaɗan waɗanda in sun salwanta ba za su karya ka ba. A makon farko ku fita tare. Zai ji yadda kake bayanin kayanka, masu saye kuma za su san fuskarka da lambarka.

Abin da za a rubuta

Dokar OHADA ta amince da yarjejeniyar baka, amma magana ba ta da tabo. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa ko Faransanci, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu ya riƙe kwafinsa. Ta ƙunshi:

- kayan da zai sayar da farashin da ba a sauka ƙasa da shi;
- yankinsa, kuma ko shi kaɗai ne a cikinsa. A kula: idan ka keɓe masa yanki, yana da la'ada a kan duk cinikin da aka yi a can, har wanda ya zo maka kai tsaye;
- adadin la'ada da lambobi, a kuɗin sefa. Masu ƙirga da dala sun san "ɗari" a baki 500 ce a takarda. A garuruwan iyaka kamar Ƙonni, Ɗan Isa da Magarya, a fayyace ko ana karɓar naira, da wanda zai ɗauki faɗuwar canji;
- wa ke da ikon ba da bashi, har nawa, na kwana nawa;
- man moto da katin waya. In ba a rubuta ba, kuma ba al'adar sana'ar ba ce mai kaya ya biya, wakili ne ke ɗaukar kuɗin zirga-zirgarsa ta yau da kullum, sai abin da ka aike shi musamman;
- ranar biyan la'ada.

Wannan na ƙarshe shi ya fi haddasa rigima. A doka, wakili ya cancanci la'adarsa da zarar ka kai kaya, ko lokacin kai su ya yi, ko mai saye ya biya. Idan kai ne ka kasa kai kayan, la'adarsa tana nan. Idan ba ku tsaida rana ba, wa'adin biya shi ne ƙarshen watan da ke bin watanni ukun da ya cancanci la'adar a cikinsu. Wannan ya yi wa mai neman na cefane nisa. Abin da ya fi dacewa da ƙaramar sana'a shi ne a rubuta cewa ana biya kowane mako ko kowane wata, a kan kuɗin da suka riga suka shigo. Hakan yana sa wakili ya zaɓi masu biya, ya kuma bi bashin da ya bayar.

Kuɗi da rasit

Kada kuɗin kaya su kwana biyu a aljihun wakili. Manyan masu saye su turo kai tsaye zuwa lambarka ta Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money. Ga masu biya hannu da hannu, a ba wakili littafin rasit mai lamba da kwafi: ɗaya ga mai saye, ɗaya gare ka. Sunayen masu saye da lambobinsu su kasance a littafinka, ba a wayarsa kaɗai ba, kuma lokaci lokaci ka kira wasu ka gaishe su ka ji ko lissafinku ya zo ɗaya. Kai ma da naka nauyin: ka nuna masa lissafin la'adarsa a fili, ka biya a ranar da aka tsaida. Mai kayan da ke zagaye wakilinsa ya sayar wa mutanen da ya nemo don ya kauce wa la'ada, labarinsa yana riga shi isa kasuwa.

Ranar rabuwa

Idan yarjejeniyar ba ta da ranar ƙarewa, duk mai son fita sai ya ba da sanarwa: wata ɗaya a shekarar farko, wata biyu in an shiga ta biyu, wata uku daga ta uku zuwa sama. Yarjejeniya mai wa'adi da aka ci gaba da aiki da ita bayan wa'adin ya cika, ta koma marar wa'adi ke nan.

Bayan haka wakili yana da diyyar rabuwa. Mafi ƙarancinta la'adar wata ɗaya ce in ya cika shekara guda, ta wata biyu in ya cika biyu, ta wata uku in ya cika uku, ana auna ta da matsakaicin abin da ya samu a watanni 12 na ƙarshe. Dole ya nemi haƙƙin a cikin shekara ɗaya da rabuwar. Ba ya samun diyyar in babban laifinsa ne ya jawo rabuwar, kamar cin kuɗin kaya, ko in shi ya ajiye aikin don ra'ayin kansa. Cinikin da ya faɗa jim kaɗan bayan tafiyarsa, in ƙoƙarinsa ne ya kawo shi, la'adarsa ce. Sharaɗin hana shi sayar da kayan abokin hamayya bayan rabuwa, in kun amince da shi, ana biyansa diyya ta musamman a kansa.

Yawancin saɓani yana mutuwa a gaban wanda ya tsaya wa wakili ko shugabannin ƴan kasuwa. Wanda ya gagara yana zuwa kotun kasuwanci ta Yamai, ko babbar kotun gari a sauran jihohi. A can, abin da alƙali zai fara tambaya shi ne takardar yarjejeniya da littafin rasit. Mai shirin ɗaukar wakilai da yawa, ko wanda kayansa ke da tsada, ya kai takardarsa wurin lauya ko reshen majalisar ƴan kasuwa ta CCIN na jiharsa a duba masa kafin a sa hannu.