Layin Ƙasa: Kalmar Akantoci da Ta Shiga Bakin Kowa

Idan muhawara ta yi tsawo a taron ofis, sai ka ji wani ya gyara zama ya ce, "the bottom line is…" Nan take a yi tsit, domin an san zai faɗi abin da yake ganin ya fi komai muhimmanci. Mu masu rubuta manhaja muna shan jin ta, yawanci daga bakin wanda ke riƙe da kuɗin aikin.

Ma'anarta kai tsaye ita ce "layin ƙasa", kuma layi ne na gaske a takardar lissafin riba da asara ta kamfani. A sama ake rubuta kuɗin da ya shigo, sai a yi ta cirewa ana gangarowa: kuɗin kaya, albashi, haya, ruwan bashi, haraji. Abin da ya saura a layin ƙarshe shi ne riba, ko asara.

Lissafin 'yan kasuwa tsoho ne. Tun 1494 Luca Pacioli ya buga bayanin tsarinsa a Venis. Sai dai ya daɗe yana zaman sirrin mai dukiya da akantansa. Bayan rushewar kasuwar hannun jari ta New York a 1929, Amurka ta yi dokoki a 1933 da 1934 da suka tilasta wa kamfanonin da ke sayar wa jama'a hannun jari su bayyana lissafinsu. Mai ɗan jari ba ya da lokacin bin shafuka, sai ya zarce ƙasa ya duba lamba ɗaya. Zuwa shekarun 1970 kalmar ta bar ofishin akanta, ta shiga bakin 'yan siyasa da 'yan jarida. A 1970 ɗin ne ma Milton Friedman ya rubuta a mujallar New York Times cewa haƙƙin al'umma a kan kamfani shi ne ya ƙara ribarsa.

To, a nan gizo ke saƙa. Kalmar ta fito da ɗabi'ar gidansu: tana sa mu ɗauka kowace magana tana da lamba ɗaya da ta tattara ta. Ko a kasuwanci wannan ba ya tabbata kullum. An kafa Amazon a 1994, amma sai a 2003 ya fara cin ribar shekara cikakkiya. Wanda ya tsaya kan layin ƙasa kawai, da tuni ya yi masa jana'iza.

A 1994 wani Bature ɗan Birtaniya, John Elkington, ya nemi gyara da "triple bottom line", wato layuka uku: riba, jama'a da muhalli. Kamfanoni suka karɓa, suka cika rahotanninsu da ita. A 2018 shi da kansa ya rubuta a Harvard Business Review cewa yana janye kalmar don a sake duba ta, kamar yadda ake janye mota mai matsala daga kasuwa, domin an mayar da ita wani salon lissafi kawai, manyan kamfanoni kuwa har yanzu layin ribar suke fara dubawa.