Gahawar Mambila: Gadon da Muka Yi Sakaci da Shi

Asalin gahawa irin Arabika tsaunukan Habasha ne, kuma ba ta yin albarka sai a tudu mai sanyi. Shi ya sa ta karɓi ƙasar Mambila, inda ƙananan manoma suka dasa ta, da kuɗinta kuma aka ilimantar da yara da dama. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. A 1989 kuma tsarin ƙayyade cinikin gahawa na duniya ya wargaje, farashi ya faɗi warwas, manoma da yawa suka yi watsi da gonakin. Yau masu saye a Turai da Amurka suna biyan gahawar tudu mai inganci da tsada. 'Yan'uwa mazauna birane, gonakin iyayenmu suna jiran jarinku.