Kuɗin rashin aikin yi a Birtaniya: Matsayin mai koyon sana'a ba albashi

A Birtaniya, wanda ya rasa aikinsa yana iya samun tallafin kuɗi daga gwamnati kafin ya sami wani. To amma idan ya shiga wani kwas, ko ya je koyon sana'a inda ba a biyansa ko sisin kwabo, ana iya dakatar da wannan tallafi, duk da cewa babu abin da ya ƙaru a aljihunsa.

Dalili kuwa shi ne, doka ta fi damuwa da abubuwa biyu: shin mutumin yana nan a shirye ya kama aiki da zarar an samu, kuma shin ofishin samar da aiki ya amince da horon tun kafin ya fara? Wannan batu ya daɗe yana haddasa muhawara a ƙasar, har ta kai ga Kotun Ƙoli a shekara ta 2013.

Asalin tsarin

An fara inshorar rashin aikin yi a Birtaniya ne da dokar shekara ta 1911, wadda ta shafi ma'aikatan wasu sana'o'i ƙalilan, kamar magina da masu ƙera jiragen ruwa. A lokacin ana biyan sulai 7 a mako, har tsawon makonni 15.

A watan Oktoba na 1996 aka ɓullo da alawus ɗin masu neman aiki, wanda ake kira JSA a taƙaice. Sunan kansa ya nuna manufar gwamnati: kuɗin na mai neman aiki ne. Saboda haka aka gindaya sharaɗin cewa wajibi ne mai karɓa ya kasance a shirye ya yi aikin sa'o'i 40 a mako ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma riƙa zuwa ofishin samar da aiki, galibi duk bayan mako biyu, yana nuna shaidar ƙoƙarin da ya yi.

Ƙa'idar sa'o'i 16

Daga wannan sharaɗi ne matsalar mai koyon sana'a ta taso. A ƙarƙashin tsohon tsarin JSA, wanda ke halartar darussan da suka wuce sa'o'i 16 a mako a kwalejojin koyon sana'a na Ingila an riƙa ɗaukarsa a matsayin cikakken ɗalibi, kuma cikakken ɗalibi ba ya cikin masu neman aiki. Kafin 1996 iyakar sa'o'i 21 ce.

Ko wanda darussansa ba su kai haka ba, akan buƙaci ya yarda zai sauya lokutansu, ko ya bar kwas ɗin baki ɗaya, idan aiki ya samu. Ke nan matashin da ke koyon aikin wutar lantarki na iya samun kansa cikin tsaka mai wuya: ko dai ya watsar da horon da zai ba shi sana'a ta dindindin domin ya karɓi aikin wucin gadi, ko kuma ya yi asarar kuɗin da yake ci da su.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta daban. Idan mutum ya yi wa wani kamfani aikin da aka saba biyan lada a kansa, alhali kamfanin yana da halin biya, hukuma na iya lissafa shi tamkar ya karɓi ladan, ta rage masa tallafi. An sassauta wannan ga masu aikin sa kai a ƙungiyoyin jinƙai, muddin za su iya halartar ganawar ɗaukar aiki cikin sa'o'i 48, su kuma fara aiki cikin mako guda.

Ya kamata a bambance waɗannan da yaran da kamfanoni ke ɗauka a hukumance domin koya masu sana'a. Su ma'aikata ne a idon doka, kuma tun watan Oktoba na 2010 aka ƙayyade masu mafi ƙarancin lada, wanda ya fara da fam 2 da fam rabi a sa'a.

Horon da gwamnati ta shirya

Labari yakan sha bamban idan ofishin samar da aiki ne da kansa ya tura mutum. A shekara ta 2011 gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta ba matasa damar yin makonni 8 suna sanin makamar aiki a kamfanoni ba tare da sun rasa alawus ba, maimakon makonni 2 da aka amince da su a da. A shekarar ce kuma aka fara wani shiri na makonni 6, wanda ya haɗa horo da gwajin aiki da alkawarin ganawar ɗaukar aiki.

Sai dai masu sukar lamiri sun ce shirye-shiryen sun zama hanyar samar wa manyan kantuna ma'aikata kyauta, domin wanda ya ƙi, ko ya bari a tsakiya, ana iya yanke masa alawus. Bayan da wasu kamfanoni suka janye, a watan Fabrairu na 2012 gwamnati ta soke wannan hukunci a shirin makonni 8. Amma a watan Oktoba na shekarar ta tsananta hukuncin saɓa ƙa'ida gaba ɗaya, inda mafi tsanani ya kai shekaru 3 ba tallafi, kafin a soke shi a 2019.

Shari'ar Cait Reilly

Cait Reilly ta kammala karatun ilmin duwatsu da ma'adinai a Jami'ar Birmingham, kuma tana aikin sa kai a wani gidan adana kayan tarihi na birnin, da fatan samun aiki a wannan fanni. A watan Nuwamba na 2011 aka tura ta wani kantin Poundland, inda ta yi makonni 2 tana jera kaya da shara ba albashi, bayan an shaida mata cewa tilas ne. A lokacin alawus ɗin 'yan ƙasa da shekaru 25 fam 53 da 'yan kai ne a mako.

Ta kai ƙara tare da wani direban babbar mota, Jamieson Wilson, wanda ya ƙi yin aikin sa'o'i 30 a mako na tsawon watanni 6 ba lada.

Ranar 12 ga watan Fabrairu na 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ƙa'idojin da aka kafa shirye-shiryen a kansu, bisa hujjar cewa ba su fayyace su ba kamar yadda dokar majalisa ta buƙata. Ganin za ta mayar wa mutane kimanin fam miliyan 130, ma'aikatar ayyuka da fansho, a ƙarƙashin Iain Duncan Smith, ta garzaya majalisa, aka zartar da dokar gaggawa a watan Maris wadda ta halatta abin da aka riga aka yi.

Ranar 30 ga watan Oktoba Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ƙa'idojin sun saɓa wa doka, kuma wajibi ne a yi wa mai neman aiki cikakken bayani kafin a tura shi. Amma ta yi watsi da hujjar cewa shirin aikin tilas ne. A 2016 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa dokar gaggawar ta tauye haƙƙin shari'ar adalci na waɗanda suka riga suka shigar da ƙara.

Bayan zuwan Universal Credit

Daga 2013 aka fara haɗe tallafi iri shida a tsari guda mai suna Universal Credit, wanda ya kai ga dukkan ofisoshi a ƙarshen 2018. An bar sabon nau'in JSA ga waɗanda suka biya kuɗin inshora lokacin da suke aiki, kuma ba ya wuce kwanaki 182.

A sabon tsarin, akan buƙaci mutum ya yi har sa'o'i 35 a mako yana neman aiki, kuma aikin sa kai na iya cinye rabinsu idan jami'i ya amince. Cikakken ɗalibi dai, in ban da wasu rukunoni kamar masu renon yara, ba ya samun tallafin. A 2021 an tsawaita lokacin cikakken horon da ake yarda da shi daga makonni 8 zuwa 12, da kuma 16 ga wasu kwasa-kwasai a Ingila.

Jamus da Amurka

A Jamus, wanda hukumar ƙwadago ta ba takardar izinin horo, tsarin da aka fara a 2003, yana ci gaba da karɓar kashi 60 cikin ɗari na albashinsa na baya, ko kashi 67 idan yana da ɗa. Kowane kwana biyu na horo yana rage masa kwana ɗaya ne kacal daga wa'adin tallafinsa. A Amurka kuwa, tun gyaran dokar 1970 aka hana jihohi yanke wa mutum tallafi saboda yana halartar horon da hukuma ta amince da shi.

A dukkan ƙasashen uku, amincewar hukuma tun da farko ita ce ke raba mai ci gaba da karɓa da wanda za a yanke wa.

Ga 'yan Najeriya da sauran baƙi da ke Birtaniya da bizar karatu ko ta aiki, akwai wani shinge tun kafin a zo nan: galibin irin waɗannan bizoji na ɗauke da sharaɗin haramta cin kuɗin jama'a, wanda ya haɗa da Universal Credit. Sabon nau'in JSA ba ya cikin wannan haramci, domin ya dogara ne ga kuɗin inshorar da mutum ya biya da guminsa.