Muriks: Tarihin Dodon Koɗin Teku Mai Farauta

Muriks, wanda masana ilimin halittu ke kira Muricidae, babban dangi ne na dodon koɗin teku masu cin nama, waɗanda da yawansu ke samun abinci ta hanyar huda ɓawon wasu halittun ruwa su cinye naman da ke ciki. An ƙidaya jinsuna sama da 1,600 da ke raye a yau, ban da wasu fiye da 1,000 da suka ƙare, waɗanda sai ta burbushinsu a cikin duwatsu aka san su. Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya tabbatar wa babban jinsin da sunan Murex a 1758, sannan Rafinesque ya ware dangin gaba ɗaya a 1815. Garin Illela na Jihar Sakkwato, wanda ke fuskantar Birnin Ƙonni ta tsallaken iyakar Nijar, yana da nisan kusan kilomita 800 daga gaɓar teku mafi kusa, amma duk da haka wani yanki na jikin irin waɗannan dabbobi yana cikin kayan da matan yankin ke haɗa turare da su, wato abin da ake kira farce.

Ana gane katantanwar muriks da kaurinta da kuma kaushin bayanta. Dabbar ba ta girma a hankali bai ɗaya. Takan ƙara faɗin ɓawonta na ɗan lokaci, sai ta dakata ta gina leɓe mai kauri a bakinsa, wani lokaci da ƙayoyi ko rassa, kafin ta sake ci gaba, shi ya sa tsofaffin leɓɓan ke zama jerin tudu-tudu a jikin katantanwar. A ƙasan bakin akwai wani kwararo, a wasu jinsunan gajere, a wasu dogo ƙwarai, wanda bututun shaƙar ruwa ke bi ta cikinsa, kuma da wannan ruwan ne dabbar ke numfashi ta kuma sansano inda abincinta yake. A bayan ƙafarta, wato faffaɗan naman da take jan ciki da shi, akwai wani murfi mai tauri launin ƙasa-ƙasa, wanda ke toshe bakin katantanwar idan ta janye jikinta ciki saboda maƙiyi ko saboda bushewa lokacin da teku ta janye.

Yadda take huda ɓawo ya daɗe yana jawo gardama tsakanin masana, wasu suna cewa kankara kawai take yi, wasu suna cewa narkarwa take yi, har sai da binciken Melbourne Carriker na ƙasar Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nazarin jinsin Urosalpinx cinerea mai addabar masu kiwon kawa, ya nuna cewa duka biyun take haɗawa. A tafin ƙafarta akwai wata ƙaramar gaɓa da take mannawa a kan ɓawon abin da ta kama, gaɓar tana tsatso wani ruwa mai asid da wasu sinadarai da ke tausasa wurin; bayan wani lokaci sai ta janye gaɓar ta kawo bakinta, wanda ke ɗauke da wani siririn harshe mai jerin ƙananan haƙora kamar magagari, ta kankare abin da ya yi laushi, sannan ta sake mayar da gaɓar. Aikin yana da jinkiri matuƙa, don sau da yawa zurfin da take cimma a yini bai wuce rabin milimita ba, ta yadda kawa mai kaurin ɓawo kan ɗauke ta kwanaki. Idan ramin ya ɓulle sai ta zura dogon bakinta ta tsattsage naman. Ba dukkan dangin ke bin wannan hanya ba: wasu suna da haƙori a leɓen katantanwarsu da suke ɓamɓare ɓawo biyu da shi, wasu kuma, irin su Drupella, naman murjani suke ci, kuma idan suka yi yawa sukan lalata shi da gaske.

Mazaunin 'yan dangin muriks ya kama daga duwatsun gaɓa, inda ruwa ke cikowa yana janyewa, har zuwa can ƙasan teku mai zurfi, amma sun fi yawa da bambancin siffa a tekuna masu ɗumi. A gaɓar Afirka ta Yamma ana samun Stramonita haemastoma a kan duwatsu, ana kuma samun danginta a dazuzzukan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri na yankin Neja Dalta, inda mutane ke tsintarsu su ci. Mace takan zuba ƙwai a cikin wasu kwasfa masu tauri da take liƙawa a dutse, sau da yawa mata da yawa a wuri guda, kuma a wasu jinsunan 'ya'yan da suka fara girma sukan cinye sauran ƙwan da ke cikin kwasfar. A wajajen 1970 aka gano cewa matan jinsin Nucella lapillus a gaɓar Ingila suna fitar da gaɓar maza har su kasa haihuwa, daga baya aka danganta hakan da sinadarin TBT da ake sawa a fentin jiragen ruwa. Yarjejeniyar da ta haramta shi a duniya an ƙulla ta a 2001, ta fara aiki a 2008.

Asalin dangin yana komawa zamanin da masana duwatsu ke kira Kiretashiyos, amma bunƙasarsu ta gaske ta zo ne bayan halakar da ta shafe dabbobi da yawa shekaru miliyan 66 da suka wuce. A waɗannan zamunna ƙasar da Illela ke kai ƙarƙashin ruwan gishiri take, domin wani reshen teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa ya malale kwarin da ake kira Iullemmeden, wanda ya haɗa Sakkwato da Tawa da gabashin Mali. Shimfiɗun duwatsun da ya bari an sa musu sunayen garuruwan yankin: na Dukamaje, inda aka samu ƙasusuwan ƙatuwar dabbar ruwa Goronyosaurus da W. E. Swinton ya fara bayaninta a 1930, sai na Dange da na Kalambaina masu shekaru kimanin miliyan 60. Farin dutsen Kalambaina, wanda masana'antar simintin Sakkwato ke ƙonawa tun 1967, da ɗan'uwansa na Malbaza a tsallaken iyaka, suna ɗauke da burbushin dodon koɗin teku da halittu masu ɓawo biyu. Shi kuwa ramin farauta shaida ce da ba ta gogewa, domin na muriks miƙaƙƙe ne, na dangin Naticidae kuma bakinsa ya fi cikinsa faɗi; da wannan bambanci ne O. S. Adegoke da M. J. S. Tevesz suka yi nazari a 1974 a kan katantanwu hudaddu na shimfiɗar Ameki a kudu maso gabashin Nijeriya, suka tantance wane ne ya ci wane a tekun wancan zamani.

Abin da ya fara ɗaukaka sunan muriks a tarihin ɗan Adam shi ne rini. Kusa da gaɓar numfashinta akwai wata jaka mai fitar da majina fara-fara, wadda idan ta sha iska da rana takan rikiɗe ta koma kore, sannan shuɗi, a ƙarshe ta tsaya a shunayya da wanki ba ya kashewa. Mutanen tsibirin Kirit sun san wannan tun kusan shekaru 1,800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma Finikiyawan Taya da Sidon, a Labanan ta yau, su suka mayar da shi babbar sana'a a Bahar Rum, suna amfani da jinsuna uku: Bolinus brandaris da Hexaplex trunculus da Stramonita haemastoma. Pliny Babba ya bayyana cewa ana cire jakar, a barbaɗa mata gishiri ta yi kwana 3, sannan a ɗumama ta a hankali har kusan kwana 10 kafin a tsoma ulu. Afirka ma ta yi suna a wannan sana'a, musamman Meninx a tsibirin Jarba na Tunisiya da kuma tsibiran Sawira a gaɓar Maroko, inda Sarki Juba na II ya kafa marina. Tsadar rinin ta kai ga dokar farashi ta Sarkin Rum Diocletian a shekarar 301 ta sanya wa laba ɗaya ta alharini mai wannan launi dinari 150,000. Sana'ar ta durƙushe bayan wawashe Kustantiniyya a 1204, ba ta kuma sake farfaɗowa ba, balle bayan William Perkin ya haɗa rinin shunayya na masana'anta a 1856.

A 1909 Paul Friedländer ya tace katantanwu 12,000 ya samu giram 1.4 kacal na tsantsar sinadarin, ya kuma gano cewa ginin ƙwayarsa ɗaya ne da na shunin da ake samu daga baba, sai dai an ƙara masa ƙwayoyi biyu na sinadarin buromin da dabbar ke samu a ruwan teku. Wannan ne ya sa aikin marinin Taya da na marinin karofin Ƙofar Mata a Kano suka hau ƙa'ida ɗaya: launin ba ya narkewa a ruwa sai an bar shi ya ruɓa a ruwa mai kaifin toka, zane ya sha, sannan iska ta kafe launin a cikin zare. Bambancin yana wajen tsada, domin baba ana noma shi a gona kowace damina, shi ya sa shuni ya zama suturar jama'a tun daga Kano har ƙasar Abzin, shunayyar muriks kuwa ta tsaya a fadar sarakuna.

Murfin nan na bayan ƙafa, wato farce, ya fi rinin tsawon rai a kasuwa, ko da yake marubuta tarihi ba su ba shi rabin kulawar da suka ba rinin ba. Dioscorides, likitan ƙarni na 1, ya ambace shi cikin magungunan da ake kawowa daga Bahar Maliya da Indiya ana turarawa. Larabawa suna kiransa azfaruɗ ɗib, kuma ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda aka hana mai takaba shafa turare amma aka yi mata rangwamen amfani da ɗan ƙusɗu ko azfar lokacin tsarki daga haila. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa nau'o'in turaren wuta ne da ake nufin kawar da wari da su. A Sudan shi ne ƙashin bayan humra, kuma daga gaɓar Bahar Maliya da Tekun Indiya ake samo shi. Tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ke bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, ta daɗe da haɗa ƙasar Hausa da waɗannan wurare, alaƙar kuma ta ƙara ƙarfi bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na I suka yi hijira gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Matan Shuwa da na Barebari su aka fi sani da gwanintar haɗa humra da turaren wuta, kuma daga wajensu sana'ar ta bazu zuwa Kano da Sakkwato da garuruwan iyaka irin su Illela da Ƙonni, inda kayan amarya ba sa cika sai da su.

Ɗanyen farce ƙarni gare shi, saboda haka sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da ya maƙale, an wanke an shanya, sannan a soya shi har ya yi ƙamas a daka, kafin a haɗa shi da sandal da hawi da kajiji da miski da turarukan mai. Aikinsa a cikin haɗin shi ne riƙe ƙamshi, domin shi kaɗai ba a cika jin daɗinsa ba. Wani bincike da Kirsten Benkendorff da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Scientific Reports a 2017, a kan murfin Chicoreus ramosus da na Dicathais orbita, ya samu sinadaran dangin fenol a cikin hayaƙinsu, irin waɗanda masu haɗa turare ke amfani da su don ƙamshi ya daɗe. Abin da ake sayarwa da sunan farce dai ba na muriks kaɗai ba ne, domin masunta suna haɗawa da murafun dangin Strombidae, waɗanda ganyen ruwa suke ci ba nama ba, da na Fasciolariidae, waɗanda su ma mafarauta ne. Shi kuwa wuri, da ya zama kuɗin Daular Sakkwato a ƙarni na 19, daga wani dangin dabam yake, Cypraeidae, kuma babbansa ba shi da murfi ko kaɗan.