Hanya da Ruwa a Ƙasar Isa da Sabon Birni

Garuruwan Isa da Sabon Birni, da gundumomin da ke ƙarƙashinsu irin su Turba da Bafarawa da Gatawa da Tsamaye, suna gabashin Jihar Sakkwato ne, daf da iyakar Jihar Maraɗi ta Nijar. A wannan yanki ne Gulbin Rima yake tara ruwansa. Bunsuru ya taso daga ƙasar Katsina, Gagare ya biyo ta Ƙauran Namoda, suka gamu. Gulbin Maraɗi kuma, wanda ya fita Nijeriya ta Jibiya ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, ya sake komowa ya zuba musu. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin shekara gulaben kan janye, wasu su koma yashi, ruwan ya ɓuya a ƙarƙashinsa.

Ƙasar iri biyu ce: fadama mai laka, da tudu mai rairayi. A fadama taku kaɗan za a haƙa a tarar da ruwa, amma da damina ko jaki sai ya kafe. A tudu hanya ba ta caɓewa, sai dai rijiya tana da zurfi, igiyar guga kuma tsawo gare ta. Don haka mafi yawan tsofaffin garuruwa a gaɓa suke, tsakanin tudu da fadama, kuma duk wanda ya mulki ƙasar nan, daga Gobirawa zuwa ƙananan hukumomin yau, wannan matsala ya gada: inda ruwan sha yake da sauƙi nan hanya take da wuya.

Gobirawa sun kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima a zamanin Sarkin Gobir Babari, a tsakiyar ƙarni na 18, bayan da suka rinjayi Zamfarawa. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, nan kuma Yunfa ya mutu a 1808 lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi bin Sakkwato suka kafa Tsibiri a kan Gulbin Maraɗi. Daga baya, a cikin ƙarni na 19, Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya gina Sabon Birni, ba nisa da kufan Alƙalawa. Isa kuwa sansani ce ta Sakkwato da aka kafa don tare harin Gobir da Maraɗi, ta zauna a hannun zuriyar Bello. Shi ya sa har yau ake da Sarkin Gobir na Isa da Sarkin Gobir na Sabon Birni. Duka garuruwan nan huɗu a bakin gulbi suke, domin birnin da ba shi da ruwa a kusa ba ya jure zaman kewaye.

A cikin ganuwa akwai tsari, ko da ba a rubuce yake ba. Manyan hanyoyi kan tashi daga ƙofofin gari su nufi ƙofar fada da masallaci da kasuwa. Tsakanin gidaje kuma sai rariyoyi ƙanana masu lanƙwasa, waɗanda faɗinsu bai wuce na jaki da kayansa ba. Ƙasar da aka yi gini da ita daga cikin gari ake ɗibarta, ramin da ta bari ya zama kududdufi. Ruwan da ya sauko ta indararo ya fita ta kafar katanga, ya bi rariya ya gangara kududdufi. Ramin ganuwa ya kwashe ragowar. Da rani a shayar da dabbobi a nan, a kwaɓa ƙasar yaɓe, a yi wanki. Ruwan sha kuwa daga rijiyar unguwa ko ta cikin gida, ko kuma ramukan da ake tonawa a yashin gulbi. Mai unguwa ke kula da kada wani ya toshe hanyar ruwan maƙwabcinsa, yasar rijiya kuma aikin gayya ne. Tsarin yana da illarsa, domin kududdufi matattarar sauro ce, shan ruwan tafki kuma shi ke kawo kurkunu. Amma magudanar ruwa da wurin tara shi da hanyar mutane duk abu guda ne, a hannun hukuma guda.

A wajen ganuwa labarin ya bambanta. Tsakanin Isa da Sakkwato akwai dajin Gundumi, wanda fatake suka fi tsoro a duk hanyar Katsina zuwa Sakkwato, saboda ƙishirwa da kuma mahara daga Gobir. Hugh Clapperton ya ratsa shi a 1824, ayarinsa ya sha wuyar ƙishi. A 1853 Heinrich Barth ya biyo ta Zurmi da Badarawa ya sauka a sansanin Isa, sannan ya shiga dajin, ya yi tafiyar awa 26 ba zango kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu. A wancan zamani ba a auna hanya da tsawonta, ana auna ta da nisan da ke tsakanin mashaya da mashaya.

Wannan ma'auni har Turawa sai da suka bi shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana iyaka a takarda, da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da Faransawa suka zo bin ƙasa sai suka ga hanyarsu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Cadi ta faɗa cikin sahara inda babu rijiyoyi. Suka nemi a sake, aka sake a 1904 da 1906, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Neman hanya mai ruwa ne ya janyo iyakar ta gangaro kudu zuwa inda take yau: Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya, 'yan'uwa a ƙasa biyu, gulbi ɗaya yana ratsa su.

Bayan cin Sakkwato a Maris 1903, aikin hanya ya koma hannun En'e. Hakimi ya aika wa dagatai, dagatai su tara majiya ƙarfi, a share daji, a cike kwari, a zuba marmara inda aka samu. Aikin tilas ne, kuma kusan kowace kaka sai an maimaita shi, domin damina ta wanke na bara. Hanyoyin mota na farko na rani ne kawai. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka juya kudu ta Shinkafi. Abin da gwamnatin mulkin mallaka ta damu da shi ke nan, hanyar fitar da amfanin gona. Rariyoyin cikin gari ba su shiga lissafinta ba.

Ta fuskar ruwa ta ɗan taɓuka. Daga wajen 1930 Ma'aikatar Binciken Ƙasa ta fara gina rijiyoyi masu bangon siminti a Lardin Sakkwato, waɗanda ba sa ruftawa kamar na gargajiya, suna kuma kai wa zurfin da magina rijiya ba sa iya kaiwa a cikin rairayi. A shekarun 1960 masana daga Amurka da takwarorinsu na Nijeriya suka yi binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin Sakkwato, aka buga rahoton a 1973. Ya nuna cewa a gabashin kwarin akwai shimfiɗar yashi da tsakuwa mai riƙe ruwa, haɗe da yumɓu, wadda aka laƙaba wa sunan Gundumi. Dajin da ayari ke gudun ƙishirwarsa ashe a kan ruwa yake zaune, sai dai ya fi ƙarfin guga.

Farin 1972 zuwa 1974 ya sa gwamnati ta karkata ga manyan madatsun ruwa, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An gama Bakolori a 1978, Zobe ta Dutsin-Ma a 1983, Goronyo a 1984, sai ta Jibiya daga baya. Duba taswira zai nuna inda aka bar Isa da Sabon Birni. Zobe da Jibiya suna sama da su, suna tare ruwan da zai gangaro. Goronyo, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, tana ƙasa da su, ruwanta na birnin Sakkwato ne da gonakin rani na can yamma. Yankin da ya tara gulaben bai samu famfo daga ko ɗaya ba. Ambaliya kuwa ba ta tsallake shi: a Satumban 2010, shekarar da ruwa ya ɓalle a Goronyo ya ci ƙauyuka har ya karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Isa da Sabon Birni na cikin ƙananan hukumomin da suka yi asarar gidaje da gonaki.

A 1976 aka kafa Jihar Sakkwato, a shekarar kuma aka yi garambawul ɗin da ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. Dokar filaye ta 1978 ta ɗanka filayen birane a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a kowane mataki na gwamnati. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina titunan cikin gari da magudanai da gyaransu, da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba. A takarda babu abin da aka bari. A aikace aikin ya rarrabu: babbar hanya ta tarayya ko ta jiha, lambatu na ƙaramar hukuma, bututu na hukumar ruwa ta jiha, gulbi na hukumar koguna. Da aka cire Zamfara a 1996, Shinkafi ta tafi can, Isa ta zauna a Sakkwato, hanyar kasuwa ɗaya ta shiga hannun gwamnoni biyu.

Shirye-shirye sun zo sun wuce. Hukumar raya karkara ta jiha ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa a shekarun 1980. Hukumar DFRRI ta zamanin Babangida, daga 1986, ta yi hanyoyin burji. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa gajerun rijiyoyin bututu da injin ban-ruwa, waɗanda suka kori jigo daga lambuna. Daga 1999 zuwa 2007 ɗan ƙasar Isa, Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, ya yi gwamna, kuma da aikin hanyoyi aka fi tuna mulkinsa. Nasarar da ba ta da gardama ita ce ta kurkunu: an ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi a 2013. Amma kowane shiri da kuɗin ginawa ya zo, ba da na gyara ba. Famfon tuƙa-tuƙa da roba guda ta lalace masa kan shekara a tsaye, saboda ba a faɗi wanda zai saya ba. Tankunan da ke aiki da janareta sun mutu da tsadar mai, shi ya sa yanzu aka koma ga masu aiki da hasken rana.

A cikin garuruwa, matsalar da ta fi yawa ta jerin aiki ce. Ƙa'ida ita ce a fara auna gangaren ƙasa a san inda ruwa zai fita, a shimfiɗa bututu, a gina lambatu da kwalbati, sannan a zuba kwalta. Sau da yawa daga ƙarshe ake farawa, domin kwalta ita ake gani ranar buɗe aiki. Sai a ɗaga titi ya fi dokin ƙofar gidaje tsawo, ruwan sama ya koma zaure, katangar ƙasa ta jiƙe daga tushe ta faɗi. In bututu ya zo daga baya, a fasa titin a binne shi, ramin ya zama mafarin lalacewa. Wani lokaci a bi da shi ta cikin lambatu don sauƙi, in ya tsage ya zuƙi ƙazanta duk sa'ad da aka ɗauke ruwa. Kududdufai kuma an cike da yawa an yanka filaye, ba a tanadi abin da zai karɓi ruwan da suke karɓa ba. Ga shi gidaje sun matsu, masai ya kusanci rijiya, abin da ke buɗe ƙofa ga amai da gudawa irin wanda ya addabi jihar a 2010 da 2021. Giɓin da famfo ya bari 'yan garuwa ne ke cike shi da kura da jarkoki, talaka ya sayi ruwa da tsadar da mai famfo a gida ba ya biya.

Ƙidayar 2006 ta ba Isa mutum kimanin 146,000, Sabon Birni kimanin 207,000. Tun daga nan jama'a ta ƙaru, rashin tsaro kuma ya sauya inda take zaune. Hare-haren 'yan bindiga sun kwashe mutanen ƙauyuka sun tara su a hedikwatocin biyu, wasu suka tsallaka ƙasar Maraɗi. Rijiyar da aka yi don unguwa ɗaya yanzu unguwa uku ke layi a kanta, ta ƙauyen da aka bari kuma tana cikewa da ƙasa. Hanyar Gundumi zuwa Isa ta yi shekaru direbobi sun ƙaurace mata. A Disamban 2021 aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa, a 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi. Ɗan kwangila ba ya kai katafila inda ba shi da tabbacin komowa da ita, mai gyaran famfo ma haka.

Ta fuskar kuɗi, kason ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, shugaban ƙaramar hukuma ya jira abin da aka sako masa bayan albashi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye daga asusun tarayya. Hukuncin ya shafi hanyar da kuɗi zai bi. Bai haɗa lambatu da bututu da titi a ofis ɗaya ba, bai kuma samar wa Isa ko Sabon Birni safiyo da injiniyan da za su auna gangaren gari kafin a ba da kwangila ba.