Daga Kwalin Kaset Zuwa Intanet: Su Wa Suka Riƙe Mana Tarihin Mawaƙanmu?

 Duk wanda ya taɓa miƙa katin wayarsa ga masu tura waƙa a kasuwar Jalingo ya san abin da zai samu: waƙoƙi ɗari biyu ko uku, rabinsu ba suna sai lamba, wasu kuma an laƙaba musu sunan mawaƙin da bai yi su ba. Sai ka ga waƙar Ɗanƙwairo an rubuta mata Narambaɗa, don kawai dukansu makaɗan fada ne daga ƙasar Sakkwato da Zamfara. Wannan matsala ta girmi wayar salula, kuma ba mu kaɗai muka sha fama da ita ba.

A Amurka da Ingila, tun tsakiyar shekarun 1990, masoyan ƙungiyoyin kiɗan rok suka fara gina wa gwanayensu shafuka a intanet. Kamfanin GeoCities, wanda aka kafa a 1994, shi ya riƙa ba kowa fili kyauta. Idan aka dubi fasalin shafukan nan da idon yau, abin dariya ne. Bango baƙi ƙirin, rubutu kore ko ja mai ƙyaftawa, ga wani ɗan kiɗa da ke tashi da kansa da zarar an buɗe, ga na'urar ƙidayar baƙi a ƙasa, ga hoton lebura da shebur mai nuna cewa ana kan aiki, aikin da ba ya ƙarewa. Hoto ɗaya kan ɗauki minti guda kafin ya gama sauka. Amma a ƙarƙashin wannan kwalliyar ƙauye akwai abin da kamfanonin faifai ba su damu da shi ba: jerin kowace waƙa da shekarar da ta fito, wanda ya kaɗa jita a cikinta, garin da aka yi wasa da ranar da aka yi shi. Masoyan Grateful Dead sun fi kowa nisa. Tun 1984 ƙungiyar ta ware wa masu rikoda wurin tsayawa a wajen wasanninta, suna naɗa suna musayar kaset a tsakaninsu, ga kundin da suka kira DeadBase mai ɗauke da jerin waƙoƙin da aka yi a wasa bayan wasa. Da intanet ta zo, kwashe kayan kawai suka yi suka zuba.

To mu fa? Mu ma muna da masu rikoda, tun kafin a san wani abu wai shi intanet. Mamman Shata ba ya rubuta waƙa, kuma ba ya maimaita ta daidai da yadda ya yi jiya. Waƙa ɗaya za ka same ta iri uku ko huɗu, ta gidan rediyo daban, ta gidan biki daban, ta wajen wasa daban. Da yawa daga cikinsu sun tsira ne saboda wani direban babbar mota ko wani ɗan kasuwa ya ajiye rikodarsa kusa da masu kalangu ya danna jan maɓalli. Daga nan kaset ya shiga hannun masu kwafa, daga Kano ya gangaro Jos, ya biyo ta Yola ko Wukari ya iso mana nan ƙasar Muri. Kwalin kaset shi ne shafinmu na farko, kuma gaskiya bai cika ɗaukar bayani ba. Sunan mawaƙi da biro, wani lokaci sunan wanda aka yi wa waƙar, shi ke nan. Ba shekara, ba gari, ba sunan 'yan amshi. Abin da kwali ya rasa, kan mutane ne ya riƙe shi. A kowace majalisa akwai dattijon da zai gaya maka wane ne wannan da Shata ke wasawa, me ya ba shi, kuma me ya haɗa shi da wanda ake yi wa zambo. 'Yan zaɓi sonka na Rediyon Kaduna ma ƙungiyoyi gare su gari-gari, da katunansu da laƙabobinsu, sun san juna ta iska tun ba su taɓa haɗuwa ba.

Aikin rubutawa kuwa malamai da 'yan jarida ne suka ɗauka. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gida-gida ya rubuta tarihinsu. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka yi masa sutura a Daura, sai a 2006 ƙaton littafin nan Shata Ikon Allah ya fito, wanda Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka haɗu suka rubuta. A ganinmu wannan littafi shi ne abin da ya fi kusa da wancan kundi na masoyan rok, domin aiki ne na masoya waɗanda suka bi diddigin mutanen da aka yi wa waƙa ɗaya bayan ɗaya.

Shigarmu intanet ta zo a makare, kuma ta ƙofar fim ta shigo. Mujallar Fim ta fara fitowa a Maris 1999, wayar GSM ta iso Nijeriya a 2001, kuma a shekarar ce aka buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo, inda masu kallo da masu shiryawa suka riƙa muhawara kan rawa da waƙa a fim. A lokacin sai mutum ya je kafe ya sayi awa guda, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe. Ga kuma wata wahala da Bature bai sani ba: haruffanmu masu lanƙwasa. Kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai mutane suka koma rubuta k' da d' da b', wasu kuma suka watsar da lanƙwasar gaba ɗaya, har ƙasa da kasa suka zama abu guda. Farfesa Abdalla Uba Adamu sai da ya ƙera nasa haruffan, Rabi'at da Abdalla, amma wanda bai sa su a kwamfutarsa ba wasu alamomi kawai zai gani. Don haka shafukanmu na farko ba su da kyan gani, sai dai masu rubutu a cikinsu sun san abin da suke faɗa, kuma idan mutum ya yi kuskuren shekara, kafin gari ya waye an gyara masa.

Abin da ya biyo baya shi ne mai ciwon. Yahoo ta sayi GeoCities a 1999, ta rufe shi a Oktoba 2009. Wasu 'yan sa-kai ne suka yi rige-rigen kwashe sama da gigabait 600 kafin a kashe fitila. A 2019 MySpace ta amsa cewa waƙoƙi kusan miliyan 50 da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta. A Disamba 2020 Yahoo ta rufe zaurukanta baki ɗaya, har da namu na Hausa. Kaset ɗin da ke cikin akwatin ƙarfe a wani gida a Barade ya fi waɗannan manyan kamfanoni riƙon amana, in dai zafi da damina ba su cinye zaren ba.

Yanzu shafukan masoya a Facebook da TikTok sun fi na da kyau nesa ba kusa ba. Hoto garau, bidiyo nan take. Bayanin ne ya yi ƙaranci. Za a ɗora hoton Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, dubban mutane su yi masa addu'a, amma da wuya a samu mai cewa ya rasu ne a Yuni 2015, balle a faɗi shekarar da aka ɗauki waƙar da ke tashi a ƙarƙashin hoton. Kowane shafi kama yake da ɗan uwansa, domin kamfani ne ya yanka wa kowa riga iri ɗaya.

Kada a ɗauka rashin suna a kan waƙa ƙaramin abu ne, domin har abincin mawaƙi yana taɓawa. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hagu, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi katin waya da bulutut suka ratsa Nijar har Mali, ana ta sauraro ba a san mai su ba, shi kuma ko sisi bai gani ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu a wayoyin mutane, ya sa ta a faifan da ya fitar a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara, kuma sai da ya sha cigiya kafin ya gano mai ita. Shekara goma bayan nan, a 2021, kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime, da sunansa da na kowane ɗan ƙungiyarsa a rubuce a bayan kwali.